Ɗaki Mai Taya a Gindin Kufena

Da kuɗin sallamata na sayi gawar motar asibiti,
Bawa bakanike ya tashe ta a Tudun Wada.
Muka cire gadon marasa lafiya, muka shimfiɗa katifa,
risho a lungu, jarka biyu, labulen atamfa
da Lantana ta yanka daga zanen da ta daina ɗaurawa.
Maƙwabta suka ce malam ya yi ritaya har da hankalinsa.
Na ce to.

Bazara ce, irin wadda kwalta ke laushi kamar nakiya,
ƙadangaru ma sun nemi inuwa.
Muka bi ta Wusasa, jikana Cindo a gaba,
hannunsa a waje yana tare iska,
iskar kuwa kamar daga bakin tanda.

Niyyata nesa ce: rairayin arewa,
kufan biranen da nake nuna wa ɗalibai a taswira,
shekara talatin da biyar, ban taɓa takawa ba.
Amma a gindin Kufena lagireto ya tafasa,
motar ta yi tari uku, ta durƙusa kamar raƙumi.
Iyakar rabonmu na hamada ke nan.

Muka sauka.
Abin da ya rage na ganuwa a nan
bai kai kafaɗata ba, jan tudu ne kawai,
gara ta ci, damina ta lashe,
wani ya ja kunya har gindinta,
wani ya yanki gefe ya buga tubali.
Akuya na tsaye inda mai gadi ya taɓa tsayawa,
ita ma tana hangen nesa, tana tuƙa.

A kan dutse akwai ramuka masu santsi.
Lantana ta sunkuya, ta sa tafinta a ɗaya,
ta ce, "Nan wata ta yi niƙa.
Duba, bahaguwa ce, gefen hagu ya fi cinyewa."
Ni da na karantar da tarihi,
na haddace masu takobi da shekarun mulkinsu,
ban taɓa tambayar wa ya niƙa musu dawa ba.

Cindo ya tono tsingaro a gindin kuka,
bakin tulu ne, da zanen igiya,
can daga ciki, shatin babban yatsa.
Ya ɗora nasa. Ya zauna daidai.
"Kaka, yaro ne ya gina?"
Na buɗe baki, babu allo, babu alli.
Na ce, "Wataƙila uwarsa ce ta juya baya."

La'asar sakaliya muka dawo inuwar mota,
muka sha mangwaro mai ɗumi kamar an dafa.
Lantana ta kaɗa kai tana dariya:
"Su sun yi katanga don su zauna, sun tashi.
Kai ka sa wa ɗaki taya don ka tashi,
ga ka zaune."

Bawa ya ce sai gobe, babur ɗinsa ma babu mai.
Muka kwana ƙofa a buɗe, sauro na karɓar haraji,
fitilun Samaru na ƙifce daga nesa,
dutsen yana biyan zafin da ya ranta da rana.
Cikin dare na ji yaron ya fita.
Na leƙa: yana tsugune gindin kukar nan,
yana mayar da tsingaron raminsa,
yana rufe shi da ƙasa, a hankali,
kamar mai lulluɓe ƙaninsa.

Da asuba hadari ya haɗo daga gabas,
ƙanshin ruwan fari ya riga shi isowa.
Lantana ta fito da jarkokin, ta buɗe bakinsu.
Ni kuwa na linke taswirar gida huɗu,
na toshe inda na san rufin zai yi yoyo.