Ɗakin Gwajin Takubba

A hawa na huɗu, a Dongguan,
akwai wani ɗaki da ba shi da taga.
Nan nake kwana a zaune,
ni, Pan Shulan, mai gwajin takubba.
Ba na ƙarfe ba. Bututun roba ne,
da ƙotar alminiyam mai sanyi,
da maɓalli guda inda babban yatsa ke sauka.

In danna, haske ya haura har tsini
yana gunji kamar zuma a cikin tulu.
In kashe. In buga hatimi. A miƙo na gaba.
Ɗari shida kafin gari ya waye.

Tsoho Deng ya manna takarda a bango,
saƙon masu saye daga ƙetaren teku.
Wai shuɗi na mai gadin ƙofar taurari ne,
wanda ya rantse ba zai fara sara ba.
Kore na wanda ya daɗe bai yi magana ba.
Ruwan ɗorawa na ɗan aike.
Ja kuwa, layi biyu suka ja a ƙarƙashinsa:
na wanda zuciya ta ci,
ya sayar da wanda ya koya masa riƙon ƙota.

Da na karanta, dariya ta kusa shaƙe ni.
A garinmu ja ne rigar amarya,
ja ne ambulan da kaka ke cusa wa jika a aljihu
daren sabuwar shekara,
ja ne barkonon da uwata ke ratayewa a bakin rufi.
Wa ya ba mugunta aronsa?

Kuma na san abin da takardar ba ta faɗa ba.
Kowace ƙwayar fitila, ga ta kamar tsabar shinkafa,
'yan uku ne kwance a cikinta:
ja, kore, shuɗi.
Jarumi da maci amana
layi ɗaya suka biyo,
hannun Yuzhen ne ya liƙe wayoyinsu duka,
tana hamma, tana lissafin kuɗin haya.
Wanda aka tasa cikin ukun shi ake gani.
Sauran biyun barci suke.

Wata Laraba, ɗaya ya ƙi tsayawa.
Ya yi shuɗi, ya leƙa kore, ya zarce ja,
sai wani launi irin na gajimare bayan ruwan yamma
wanda babu sunansa a bango.
"Shara," in ji Deng.
Na ba shi yuwan goma sha biyar, na naɗe abina a tawul.

Kwana da yini, jirgin ƙasa sannan mota,
yana tsaye tsakanin gwiwoyina har Guizhou.
Ɗana Dongsheng ya kai min kafaɗa,
ban san yaushe ba.
Ya danna, fuskarsa ta canza sau huɗu,
ya ce, "Mama, wannan na wane ɓangare ne?"
Na buɗe baki. Na rufe.

Kakansa ya karɓa, ya jinjina shi
kamar mai tayin lauje a kasuwa,
ya shafa gefen da yatsa.
"Ko awara ba zai yanka ba."

Amma da dare ya raba sai na ji ƙarar ƙyaure.
Tsohon ne, zai duba ɓaunarsa mai ciki.
Muka tsaya a ƙofa, ni da yaron,
muna kallonsa yana gangara kunyoyin shinkafa
da takobin a gabansa, tsini ƙasa, saboda santsi.
Cikin taku goma ya yi gadin taurari,
ya yi shirun masu hikima,
ya ci amana, ya dawo,
duk ruwan fadamar yana kwaikwayonsa.

Ɓaunar ta ɗago kai,
ta ga mai kawo mata ciyawa,
ta ci gaba da tuƙa.