Tayar Baya ta Hagu

Ni mai faci ne. Rumfata na gindin marke,
bakin titin da ya baro Ringim ya nufi Gujungu.
Shekara sha tara ina sauraron tayoyi,
na san mai kai mutum gida, na san mai yada shi a hanya.

Da hantsi Haladu ya tsaya da motarsa,
mutum goma a ciki, buhun riɗi huɗu a bisa,
akuya ɗaure a baya tana ta kuka.
Ya ce, "Iska kawai, Baba, kasuwa na ci."
Na shafa tayar baya ta hagu,
sumul kamar bayan ƙwarya,
har waya ta leƙo tana kallona.
Na ce, "Ɗana, wannan ta gama bautarta."
Ya yi dariya. "Sawu biyu, in dawo in sake ta."
Na ba shi iska. Ya miƙo ɗari biyu.
Na karɓa.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas,
baƙi kamar gindin tukunyar gidan biki.
Ba ruwa ya fara saukowa ba. Ƙanƙara ce,
tana dukan kwanon rumfa kamar jifan ɓarawo.
Yara suka fito da tasa suna tsinta suna tsotsa,
titi ya yi fari fat, ka ce an ɓarar da gishiri.
Malam Barau ya ce rabonsa da irinta
tun ba a zuba kwalta a nan ba.

Masu hankali suka gangara gefe suka kashe mota.
Haladu yana sawu na uku.

Na ji shi kafin in gan shi,
yana danna ham, yana son wuce tirelar siminti a kan kwana.
Ya taka birki. Birki ya kama.
Ƙasa ce ta ƙi kamawa.
Motar ta juya a hankali, kamar baƙo mai neman alƙibla,
ta gindaya a tsakiyar hanya,
sai ga motar shanu daga Maigatari.

Ɗaya. Biyu.
A-kori-kura mai albasa ta shige ƙarƙashinsu.
Mai babur ya kwanta, babur ya ci gaba ba shi.
Ina tsaye da ƙarfen ɓare taya a hannu,
ina ƙirga ƙara kamar mai ƙirga tasbaha,
har bakwai.

Sai shiru. Sai rediyon wata mota yana faɗin farashin masara.
Wani sa ya miƙe da ƙaho ɗaya ya shiga gonar gero.
Muka cire ƙyauren shagon Tasi'u muka yi makara da shi,
Lantana mai awara ta yage mayafinta tana ɗaure ƙafar yaro.
Waya na ta ringi a aljihun wani dattijo,
kowa ya ji, ba mai hannun ɗauka.

Kafin jami'an hanya su iso, ƙanƙara ta narke.
Suka duba titi, ruwa ne kawai,
suka rubuta gudu a takarda, suka tafi.
Ba wanda ya tambayi mai faci komai.

A wajen zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare.
Na amsa, haka ne, Allah ya jiƙan su.
Amma kwanar tana nan, ina kallonta kullum daga rumfa.

Tayar kuwa ɓallewa ta yi, ta gangaro ita kaɗai,
ta tsallake kwalbati, ta zo ta jingina da marke.
Ba ta fashe ba.
Kowace safiya nakan danna ta da babban yatsa,
iskar da na ba ta tana ciki har yau,
ɗari biyun kuma tana aljihun rigar da na daina sawa.