Littafin Ma'aji a Tudun Penalonga

A kan tudun Penalonga muka kafa su,
fankoki uku farare, kowacce ta fi hasumiyar coci,
suna dama sararin Galisiya dare da rana.
Mu arba'in da ɗaya muka haɗa jari.
Xurxo ya sayar da shanun madararsa shida,
ya ce ya gaji da nono, zai koma tatsar iska.

Ni aka miƙa wa littafi, ni Sabela,
don na taɓa riƙe asusun masu kamun kifi.
Na rubuta bashin banki da kuɗin ruwansa,
inshora, man inji,
ladan yaron da ke hawa da igiya a ƙugu.
Abin da ya saura na ja masa layi biyu,
na ce wannan namu ne duka.

Ran Talata ambulan ya iso.
Harajin filin da ƙarfen ke tsaye a kai,
harajin wutar da ta bi waya ta tafi birni,
da wani sabo, wai mun rage wa tudu kyan gani.
A tsaye na karanta, sannan na nemi kujera.
Kofi ya huce. Sau uku na buga kalkuleta
ko lambar za ta ji kunya ta sauka.

A Satumba iska ta yi kwana tara ba ta zo aiki ba.
Haraji bai san hutu ba.
Da mun ce shekara tara jari zai dawo gida,
yanzu sha huɗu.
Xurxo ya ƙirga a yatsu, ya kai tamanin da ɗaya,
ya yi dariya har da tari:
ashe wa jikoki na yi shuka.

A taro Brais ya buga tebur,
a sayar wa kamfani kowa ya huta,
su suna da lauyoyin da suka san ƙofar ragi.
Uxía direbar bas ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce kwaltar da aka zuba bara har ƙofar makaranta,
kuna tsammani daga sama ta faɗo?
Aka yi shiru. Na duƙar da fuska.

Ba mu sayar ba. Ƙuri'a biyu ce ta raba.

Yanzu da dare ina jin su ta taga,
fuu, fuu, kamar numfashin saniya.
Nakan ƙirga fikafikan in barci ya ƙi:
wannan na banki, wannan na hukuma,
na ukun nan, in Disamba ta zo da ƙarfinta,
shi ne rabon da za mu ɗauka.