Babban Yatsan Birsai

Ni ne mai rubuta sunayen matattu a gundumarmu.
Tebur ɗaya, fanka mai gurnani, tawada shuɗiya.
Shekara goma sha ɗaya ina cike gurbin da ke cewa: dalilin mutuwa.
Na rubuta saran maciji, na rubuta tarin fuka,
na rubuta rijiya, na rubuta tsawa a fadamar shinkafa.
Kalma ɗaya ce alƙalamina bai taɓa ɗanɗanawa ba,
don a Jharkhand, in ji na sama da ni,
ba ta kashe kowa.

Ranar Talata Sukurmuni ta shigo,
laka har ƙauri, gefen sarinta na ɗigar ruwa.
Ba ta yi kuka ba.
Ta zaro katin rabon abinci daga leda,
ta shimfiɗa shi a gabana kamar mai shimfiɗa jariri.

Birsai Tudu, mahaifinta, mai fasa dutse.
Shekara arba'in guduma na lasar hannunsa
har zanen babban yatsan ya shafe,
sumul, kamar sulallan da ya gaji da yawon kasuwa.
A kantin gwamnati akwai na'ura mai jan ido.
Ya ɗora yatsa, ta ce ba ta san shi ba.
Ya tofa yawu, ya goga a cinya, ya sake.
Mahato mai kanti, wanda suka yi kiwon ɓauna tare suna yara,
ya kawar da kai ya ce: Baba, ba ni ba ne, ita ce.

Wata na farko suka ci bashi.
Na biyu, busasshen furen mahuwa da ganyen bakin rafi.
Na uku, ruwan da maƙwabta suka tace daga tukunya,
shi ma sai ya tura wa jikoki, ya ce ya ƙoshi.

Dokar na manne a bangon da ke bayana, na haddace ta:
kilo biyar ga kowane kai, kowane wata.
Ba sadaka ba ce, ba alfarmar mai mulki ba,
bashi ne a wuyan ƙasa.
Alƙalan Delhi sun ce haƙƙin rayuwa da tukunya yake tafiya.
Amma takarda ba ta tafasa ruwa.

Ta tagar nan ina hango rumbun gwamnati a bakin layin dogo,
buhu kan buhu ƙarƙashin tamfol,
damina ta jiƙa na ƙasa har sun yi tsiro.
Ɓerayen wurin sun yi ƙiba.
Su ba wanda ya tambaye su yatsa.

Likita ya duba cikin Birsai, bai sami ko ƙwaya ba,
ya rubuta: zazzaɓi.
Daren mutuwar wata mota ta je ƙauyen ba fitila,
aka jingine buhu guda a ɗakin mamacin
kafin 'yan jarida su iso.
Na ce, ina buhun?
Ta ce, mun dafa wa masu zaman makoki,
kowa ya ci sai mai shi.

Ina da 'ya'ya biyu a makaranta.
Ina da saura shekara shida in kai ga fansho.
Fanka ta yi ta juyi.
Na dubi gurbin, gurbin ya dube ni.
Haruffa biyar ne kawai, ba su da nauyin tsinke,
amma sai da na riƙe wuyan hannuna da ɗaya hannun
kafin na rubuta: yunwa.

Sukurmuni ba ta iya sa hannu ba.
Na miƙa mata tawada, ta dangwala.
Zanen ya fito, sai dai ta gefe ya fara dishi-dishi.
Ta goge yatsan a sari, ta ce tana sauri,
da azahar ake awon tsakuwa,
kuma gudumar tsohon yanzu tata ce.