Ba Haja Ba Ce

A kasuwar Garwa, layin 'yan kwano,
rumfa ta uku daga bakin famfo,
nan na koyi ƙirga da dala
tun ban iya ɗaure zariyar wandona ba.

Ran da na tambayi Baba Tanimu,
"Wai mene ne haja?"
bai amsa ba, tsumma ya miƙo mini.
"Goge murfin nan tukuna."

Na goge har na ga hancina a ciki.
Ya ce, "Jiya a buhu yake, kaya ne,
nauyi a cikin jirgin ƙasa har Gaundare,
nauyi a bayan babbar mota,
nauyi a wuyan ɗan dako.
Yau da ya kama ido, ya zama haja.
Kaya na jiran mai ɗauka,
haja na jiran mai so."

Da hantsi yakan jera su kamar sahu:
jajaye gaba, masu fure tsakiya,
manyan tukwane can baya, sun san matsayinsu.
In mace ta tsaya tana shakka
sai ya ƙwanƙwasa kwano da zobensa,
ya bar ƙarar ta yi masa rantsuwa.
Wanda ya lotsa kuwa, shi zai fara nunawa,
ya zare dala goma kafin a roƙa.
"Aibin da ka ɓoye yau,
gobe zai dawo riƙe da hannun mai shi."

Sai Hamajoda, maƙwabcinmu,
ya dawo daga Duwala da lasifika.
Murya ɗaya tun safe har la'asar:
"Araha! Araha! Sayi biyu, ɗauki uku!"
Shi yana gyangyaɗi a benci
muryarsa na ciniki.
Mutane suka yi masa cincirindo, ni kuwa na yi kishi.
Na ce, "Baba, mu ma."
Ya ce, "Talla ce, kuma tana kawo ƙafa, ban musa ba.
Amma batir bai san Inna Dudu
na tara kwanonin suna ba.
Lasifika ba ta cewa jam na
ta tsaya jiran amsa."

Tasa tallar benci ce a inuwa,
moɗar ruwan randa ran da Binuwai kanta ke gumi,
da cokali ɗaya da ake tsinta a gida
cikin kwanon da aka saya,
gyaran da bai ambata ba.

Akwai wata tsohuwar langa shuɗiya,
bakinta ya gutsure, fentinta ya gaji.
A cikinta Inna ke aiko da tuwo
shekarun da take raye.
Nan yake zuba canji.
Wani baƙo ya taɓa taya ta jaka biyar.
Baba ya yi dariya har tari ya kama shi:
"Duk abin da ka gani a nan na kuɗi ne,
har benci in ka matsa.
Wannan ba haja ba ce."

Yanzu rumfar a hannuna take.
Ina ɗaukar hoton tukwane da waya
in aika wa mata har cikin ɗakunansu.
Lasifikar Hamajoda ma na saye ta ta hannu,
ranar Juma'a muryata ce ke ihu a ciki,
Allah Ya jiƙan Baba, bai ji ba.

Watan jiya kasuwa ta yi sanyi,
mai rumfa ya aiko har sau biyu.
Wani ya ratsa jajayen, ya ratsa masu furen,
ya ɗora yatsa kan langar: "Nawa?"
Kuɗin ya taso har kan harshena,
na ji ɗanɗanonsa.
Na haɗiye.

Da ya tafi na dube ta, tana ta ƙyalli.
Ashe ni ne, kullum safe, da tsumman nan.

Tun ranar na daina goge ta.