Harsashi Ɗaya

Kakana Emmerich Wrulich maƙeri ne a Ferlach,
a gindin duwatsun Karawanken,
inda kogin Drau ke wucewa ba sallama.
Shekara arba'in da bakwai a gaban tebur guda,
tabarau a kan hanci, zarto a hannu,
baƙin ƙarfe ya zauna a tsagar yatsunsa
har sabulu ya gaji ya ƙyale shi.

Bindigarsa baki ɗaya gare ta, harsashi ɗaya take ci.
In mai saye ya ce a ƙara mata ciki,
sai ya dube shi ta saman tabarau:
"Wanda bai tabbata da na farko ba,
me zai yi da na biyu, in ba ɓarna ba?"

Itacen ƙota sai ya shekara goma a rufin ɗaki
kafin ya bar wuƙa ta taɓa shi.
Wani attajiri ya taɓa zuwa daga Graz
yana so a zana masa a jikin ƙarfe
adadin kawunan da ya rataye a bango.
Kaka ya ba shi kofi, ya raka shi bakin ƙofa.
Kakata Walburga ta kwana uku ba ta tanka masa ba,
don a lokacin rufin kicin na yoyo.

Ya rasu a watan Maris, ƙanƙara na narkewa.
Yayyena suka raba agogo da fili.
Ni, Hemma, aka miƙo mini bindigarsa ta ƙarshe
da ɗan littafi mai baƙin bango.
Na ɗauka lissafin abin da ya harbe ne.
Ashe ranakun da ya dawo hannu rabbana ya rubuta:
"Tana da ɗa a bayanta. Na dawo."
"Hazo. Ban ga abin da ke bayansa ba. Na dawo."
"Ya yi kyau da yawa. A bar shi ya haifa."
Shafi sittin da biyu, duk haka.

Yanzu ni ke tsaron wannan dajin.
Na ƙirga bareyi a bana, sun zarce abin da tudu zai ɗauka.
Kyarketai sun daɗe da barin nan,
tsiron itace kuwa ba ya kai gwiwa an cinye kansa,
gangaren da ba itace kuma
shi ke sako ƙanƙara kan rufin mutane.
Wani lokaci tausayi ne ke sa a ɗaga bindiga.
Wannan bai sa ta yi sauƙin ɗauka ba.

Safiya uku ina kallon wata tsohuwa,
tana jan ƙafar baya, haƙarƙari a waje,
ba ɗa, ba ciki, hunturu na tafe.
Ran na huɗu iska ta kwanta.
Na ga ita, na ga tudun da ke bayanta.
Na ja numfashi, na saki rabi.

Duwatsu suka maimaita ƙarar sau biyu, suka yi shiru.

Na cire hula, na durƙusa.
Na karyo ɗanyen reshe mai ganye kamar allura,
na sa mata a baki, lomar ƙarshe,
yadda ya nuna mini ina 'yar shekara tara.
Jikinta da sauran ɗumi.
Ban yi murna ba, ban kuma nemi wanda zan ba haƙuri ba.

Naman ya shiga gida huɗu.
Fatar na wurin majemi.
Da dare na goge bakin bindigar da tsummansa,
na buɗe littafin, na ga babu gurbin irin wannan rana.
Sai na rufe.

Jiya na sake hawa.
Wani namiji ya tsaya a fili, ƙaho kamar rassan bishiya.
Na dawo na rubuta shafi na sittin da uku.