Ta Sha Tara a Layi

Talata ce ranar masu suga.
Kafin in buɗe ƙofar asibitin sha-ka-tafi
benci ya cika,
kowa da katinsa a leda,
kowa da yunwarsa, don mun ce a zo ba a karya ba.

Tabawa ce ta sha tara.
Ƙamshin man gyaɗa ya riga ta shigowa.
Shekara talatin tana suyar masa a bakin Wunti,
har direbobin Jos sun san tandarta.

Na huda yatsarta.
Wuta ta sa fatar ta yi kanta, sai da na sake.
Ɗigon jini, na'ura ta ƙyafta,
lamba ta fito.
Na gani, na yi shiru.
Ta ga shiruna, ta gane.

"Inna, ina maganin da na rubuta?"
Ta kwance haɓar zani:
ƙwayoyi, kowace an raba ta biyu
da wuƙar yankan albasa.
"Na wata ɗaya kika rubuta, 'yar nan,
ɗaukar adashena kuwa sai wata biyu."

A bango akwai hoton da aka aiko mana daga sama,
faranti an kasa shi gida uku:
kifi, ganye, 'yar acca a gefe.
Ta daɗe tana kallo.
"Wannan na mutum nawa ne?"
Na ce ɗaya.
Ta yi dariya har da tari.
"Mu sha ɗaya ne, tukunya ɗaya.
Je ki Muda Lawal ki tambayi mudun acca.
In na ɗora tawa daban, da wane icen?
Ƙullun masa kuma wa zai ɗanɗana mini?
Harshen Uwani bai san tsami ba tukuna."

Na so in ce allura.
Sai na tuna kwalbar Malam Barau
da ya binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa
don wuta ba ta kwana a unguwarsu,
zafin bazara ya bi ta can ya kashe.
Na haɗiye maganar.

Ta ce Asabar an yi suna gidan ƙaninta,
an miƙo lemo, an miƙo alkaki.
"In ƙi, a ce na raina?
Don zumunci na kurɓa."
Ta ce mai lasifika a bakin tasha
yana da wani baƙin ruwa mai ɗaci,
ɗari biyar, wai kwana bakwai suga ya gudu.
"Nasa yana da ranar gamawa.
Naki fa?"

Ban yi faɗa ba.
A makaranta an koya mini sunan kowace jijiya,
ba a koya mini kuɗin buhun gawayi ba.

Na sunkuya na zare mata silifas,
na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.
Ga tsaga a dunduniya, ba ta ma ji ta ba.
Na wanke, na ɗaure.
Muka zauna ciniki kamar a kasuwa.
Zogalen bayan gida ba ya cin kuɗi.
Wake, in ya samu.
Ƙullu a taɓa a harshe, a tofar.
Sukarin shayi, na ce babu, ta ce rabin cokali,
na ce albarka, ta ce to, mu bar shi a bakin cokali.
Ƙwaya kuwa cikakkiya,
ko ta mako biyu ce, ki dawo mu san dabara.

Ta fita a ƙafa.
Kuɗin acaɓa ya tafi a tsinken gwaji.

Rajista tana da gida-gida:
suna, shekaru, lamba, magani.
A ƙarshe an tambaya, tana bin umarni?
E ko a'a.
Gidan ɗan mitsitsi ne, ko mutum sha ɗaya ba zai ɗauka ba,
balle tukunyarsu.
Na riƙe biro a sama har na ashirin ya yi gyaran murya.

Sai da rana ta take na lura
ta bar mini ƙunshi a gefen tebur,
masa uku cikin takarda, mai ya huda ta.
Ni ma tun safe ban karya ba.
Na cinye.